ILIMI, LAFIYA DA YAWAN JAMA'A A ƘASAR DAURA: ABIN DA MUKA GANI CIKIN SHEKARA HAMSIN

Muna yi wa Ubangiji Allah godiya da ya kawo mu wannan rana ta cikar Ikkilisiyarmu shekara hamsin. Labarin yadda aka soma sujada a nan, da sunayen waɗanda suka yi hidima, yana cikin waɗansu shafuffuka na wannan littafi. Namu rabon shi ne mu duba wani fanni na tarihin da ba a cika rubutawa ba, ko da yake ya shafi kowane gida a cikinmu.

Sa'ad da muke tattara takardu domin wannan biki, mun buɗe tsofaffin littattafan rajista waɗanda magabatanmu suka bari. Abu biyu suka tsaya mana a rai. Na fari, a rajistar aure ta shekarun farko, ango yakan sa hannu, amarya kuwa sau da yawa sai dai ta dangwala yatsa. Na biyu, sunan jaririn da aka rubuta a shafin miƙa yara, sau da dama shi ne za ka sake tararwa a shafin jana'iza tun bai kai yaye ba. Da muka zo kan littattafan baya-bayan nan, sai muka ga dangwalen yatsa ya ragu, jana'izar yara ita ma ta ragu. Mun gaskata cewa waɗannan abubuwa biyu tafiyarsu ɗaya ce, kuma abin da muke so mu nuna ke nan.

YADDA AKE A DĀ

Kada wani ya ce ilimi baƙo ne a Daura. Makarantun allo da zaurukan malamai sun daɗe a ƙasar nan tun kafin Turawa su san hanyar Kusugu. Abin da ya yi jinkirin zuwa shi ne karatun boko da maganin asibiti. Bayan da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa a 1903, sun yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addini ba, domin haka ba a bar 'yan Mishan su buɗe makarantu cikin masarautu yadda suka yi a Kudu ba. Gwamnati kuwa da kanta ba ta yi gaggawa ba. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano ta soma a 1909, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, dukansu na maza ne. Sai a 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na farko a Katsina da Kano, a Katsina da goyon bayan Sarki Muhammadu Dikko, yawancin ɗaliban kuwa 'ya'yan fada ne. Yarinyar da aka haifa a ƙauyen Baure ko Zango ko Sandamu a zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, da ƙyar ne ta taɓa shiga aji.

Tsofaffinmu suna tuna yadda rayuwa take a lokacin. Da rani ga sanƙarau da ƙyanda, da damina ga zazzaɓi da gudawa, ga kuma agana mai zuwa ta share unguwa, wanda ya tsira ta bar masa zane a fuska. Ana yanke cibiya da abin da aka samu, bayan 'yan kwanaki jariri ya sandare, a ce iska ce. Sunayenmu ma shaida ne. Duk inda ka ji Ajuji ko Ayashe ko Ajefas, ka san uwar ta sha wabi, an raɗa sunan ne domin mutuwa ta raina yaron ta ƙyale shi.

A irin wannan hali, yawan haihuwa ba wauta ba ce, kuma ba mu yarda a kira kakanninmu jahilai saboda ita ba. Mutumin da ke noma da fartanya, ba shi da fansho sai 'ya'yansa, ya kuma san cikin goma watakila biyar ne za su yi rai, lissafinsa daidai yake. Babban gida shi ne arziki da mutunci. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda aka haifa a garin nan a 1942, shi ne ɗa na 23 a wurin mahaifinsa, ba wanda ya ga abin mamaki a ciki a wancan zamani. Suna kuma da tasu dabarar ta hutar da mace: shayarwa har kusan shekara biyu, da zuwa goyo gidan iyaye, da kunyar da ake ji idan mace ta yi kwanika. Ana haihuwa da yawa, ana binnewa da yawa, jama'a kuwa ba ta ƙaruwa sai kaɗan kaɗan.

MAGANI YA RIGA MAKARANTA SHIGOWA

Ƙofar da aka fara buɗe wa 'yan Mishan a masarautu ta magani ce. Wajen ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e suka danƙa wa Mishan ta SIM kula da masu ciwon kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. Asibitin ido na Kano ya biyo baya a 1943, na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950. A waɗannan wurare mai jinya yakan daɗe, wani shekara da shekaru, a cikin zaman nan ne da yawa suka koyi karatu da rubutu, waɗansu suka koyi ɗaurin miki da ba da magani, suka koma garuruwansu da sana'a a hannu. Tun da an riga an buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, ajin karatu ya zama abokin tafiyar ajin baftisma a ko'ina.

Amma a nan dole mu faɗi gaskiya a kan kanmu. Ajin karatun nan maza ne suka fi cika shi. In kuɗin makaranta bai isa yara biyu ba, namiji ake turawa, a ce ita mace ai gidan wani za ta. Mun ji wannan magana daga bakin dattawan Ikkilisiya, ba daga waje ba. Zumuntar Mata ce ta yi ta fama, suna koya wa juna baƙaƙe bayan an tashi taro, da fitilar aci-balbal, yara a goye. Ba a taɓa ba su lambar yabo ba, sun kuwa cancanta.

Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, manya suka zauna gindin bishiya da littafin Ka Koyi Karatu. Sa'an nan daga 1967 aka yi gangamin lambar agana, wadda yawancinmu masu shekara sittin muke ɗauke da tabonta a dantse. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. Wannan nasara ta allura ce, ba ta bukaci uwa ta iya karatu ba, lamba ɗaya ta wadatar. Sauran cututtukan da ke kashe yara ba haka suke ba.

SHEKARAR 1976

Ikkilisiyarmu da shirin UPE tsara ne. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe firamare kyauta ga kowane yaro. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda aka yi: azuzuwa ba su isa ba, aka zauna a rumfunan zana da inuwar darbejiya, aka ɗauki malamai da gajeren horo. An yi ta kushe shirin, wani sūkan kuwa gaskiya ne. Duk da haka a shekarar nan ce 'yan matan talakawa na ƙauyukan Daura suka fara shiga aji da ɗan yawa. Waɗannan 'yan mata su ne iyayen shekarun 1980 da 1990, su ne kuma kakannin da ke zaune a layin gaba a wannan biki.

Me karatun uwa yake yi wa jariri? Wani masani mai suna John Caldwell ya bincika wannan a Ibadan da kewayenta, ya buga sakamakon a 1979. Ya tarar cewa ko da an kwatanta gidajen da ƙarfinsu ɗaya, mazauninsu ɗaya, 'ya'yan macen da ta yi makaranta sun fi rayuwa, karatun uwa kuma ya fi na uba tasiri. Mu da muke ziyarar gidaje ba mu bukaci zuwa Ibadan kafin mu gane dalili ba. Macen da ta yi makaranta tana iya karanta ranar da aka rubuta a katin rigakafi, ta koma sau uku, sau huɗu, har a gama. Tana gane bambancin cokali ɗaya sau uku da cokali uku sau ɗaya. In ma'aikacin asibiti ya daka mata tsawa ba ta tattara zanenta ta gudu, takan tsaya ta sake tambaya. Abin da ya fi duka, in jikin yaro ya yi zafi da tsakar dare, maigida yana cin rani a Kano ko Legas, tana da ƙarfin halin cewa a tafi asibiti yanzu, ba sai an jira izinin da zai zo bayan kwana uku ba. Yara da yawa da muka binne, jiran nan ne ya kashe su.

A zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka dage kan rigakafi da ruwan gishiri da sukari domin gudawa. Maganin nan ba shi da tsada, amma sai an auna shi daidai, an kuma yarda cewa yaro mai zawo ƙarin ruwa yake bukata, ba hana shi ba. Haka nan kurkunu. A ƙidayar da aka yi wajen 1988 an sami mutum fiye da 650,000 masu ita a Nijeriya. Ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Da koyarwa aka kore ta: a tace ruwan tafki, mai ciwo kada ya sa ƙafa inda ake ɗiba, a haƙa rijiyoyi. Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka a kan wannan aiki, a 2013 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ƙasar ta rabu da ita. Shan inna kuma ta nuna mana ɗaya gefen. Jita-jitar da ta sa aka dakatar da rigakafi a waɗansu jihohin Arewa a 2003 ta mai da aikin baya shekaru da yawa, sai a watan Agusta na 2020 aka shaida Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Lissafin gwamnati ya tabbatar da abin da rajistarmu ta nuna. Binciken lafiya da yawan jama'a wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da iyayensu mata ba su yi makaranta ba, 170 suna mutuwa kafin su cika shekara 5. Cikin yara 1,000 da iyayensu mata suka wuce sakandare, 56 ne. A lura, ba mu ce karatu kaɗai ne ya kawo wannan rata ba, gama mai karatu sau da yawa ita ce ta fi kusa da asibiti, ta fi abin hannu. Amma ko an cire wannan, ratar ba ta gushewa.

Game da iyaye mata su kansu, Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, aka buga aikinsa a 1985. Waɗanda suka fi mutuwa su ne waɗanda ba su zo awon ciki ba, aka kawo su bayan naƙuda ta yi kwanaki, da 'yan mata ƙanana masu cikin fari, da waɗanda suka haihu sau da yawa ƙwarai. Kusan dukansu ba su yi boko ba. Shi likita ne, amma shawarar da ya fi nanatawa ita ce a sa kowane yaro a makaranta. Babbar Ruga ma ta zama shaida. Dokta Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zo can a 1983 domin aikin kuturta, ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta bar su da yoyon fitsari, miji ya sake su, dangi suna toshe hanci. Ya soma yi musu aiki, yau wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan ciwo. Kuturta ta ja da baya, gadajen kuwa ba su zauna wofi ba.

BATUN HAIHUWA

Wannan shi ne sashen da ya fi wuyar faɗa daga bagade, amma shekara hamsin ta ba mu damar magana. Mun gaskata 'ya'ya kyauta ce daga wurin Allah, ba kuwa wanda zai tsaya a wannan Ikkilisiya ya ƙayyade wa wani gida adadi. Gwamnati ta gwada. A 1988 ta fito da manufar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, mutane suka saurara a rediyo, suka ci gaba da harkokinsu. Abin da doka ta kasa, makaranta tana yinsa ba tare da hayaniya ba.

Ga yadda abin yake. Binciken 2018 ya nuna cewa matan da ba su yi makaranta ba, rabinsu sun riga sun yi aure kafin su cika 16, waɗanda suka yi sakandare kuwa sai wajen 22. Shekara shida ke nan, a cikinsu ƙugu ya gama girma, hankali ya zauna. Sa'an nan uwar da ta ga 'ya'yanta suna rayuwa ba ta da tsoron da ya sa kakarta ta haifi goma. Kuma tana so nata su yi karatu, ta san kuɗin littafi da na jarrabawa, sai ita da mijinta su zauna su yi shawara a kan tazara, abin da a dā kunya ba ta bari a yi. A lissafin binciken nan, in ka tara mata 10 da ba su yi makaranta ba, haihuwarsu duka za ta kai 67, mata 10 da suka wuce sakandare kuwa 34. Waɗansu masana biyu, Una Osili da Bridget Long, sun bi sawun 'yan matan UPE musamman, a 2008 suka nuna cewa ƙarin shekara huɗu a makaranta yana rage kusan haihuwa ɗaya kafin mace ta kai 25.

To, ina Jihar Katsina ta tsaya? A 2018 ita ce ta fi kowace jiha: mata 10, haihuwa 73, alhali na ƙasa duka 53 ne, na Legas 34. Maƙwabtanmu na ƙetaren Kwangwalam haka suke, gama a binciken 2012 na Jamhuriyar Nijar an sami 76. Iyaka ba ta raba mu a wannan ba, al'ada ɗaya ce, ƙarancin karatun mata ɗaya ne. Kada kuma a ce laifin wani addini ne. Ƙasar Bangaladash, wadda yawancin mutanenta Musulmi ne, tana haihuwa fiye da 6 ga kowace mace a shekarun 1970. Ta kai ma'aikatan lafiya mata gida gida, a 1994 ta soma ba 'yan matan karkara tallafi domin su zauna a sakandare, haihuwa ta sauko kusa da 2.

Abin da ya same mu shi ne mutuwa ta ragu da sauri, haihuwa kuwa tana raguwa a hankali. Tsakanin biyun nan ne jama'a take tumbatsa. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Ƙidayar 1991 ta ba ta mutum miliyan 3.75, ta 2006 miliyan 5.8, watau ƙarin fiye da miliyan 2 cikin shekara 15, tun daga nan kuwa ba a sake ƙidaya ba. Amma ido yana ƙirgawa. Gonakin da muka sani a bakin garin Daura sun zama unguwanni. Gandun da ya ciyar da gida guda an raba shi wa magada, su ma sun raba wa nasu, ƙasar kuwa jigawa ce, damina gajera, babu sauran saura da za a bari ta huta. Madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam sun taimaka da noman rani, amma ba su isa kowa ba. Samari suna ta kwarara birane. Ajin da aka gina domin yara arba'in yana ɗauke da ninkinsu, yaro ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba. Wannan ya dame mu ƙwarai, gama ba zaman benci ne yake ceton jariri ba, iya karatun ne.

INDA MUKE YAU

Binciken ƙasa na 2023 zuwa 2024 ya nuna haihuwa ta sauko zuwa 48 ga mata 10 a Nijeriya, mutuwar yara ma ta ɗan ragu. Amma ba abin da aka samu wanda ba zai iya suɓucewa ba. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, iyaye da yawa suna jin tsoron makarantar kwana, ko da yake ƙasar Daura ta fi kudancin jihar zaman lafiya. Tsadar abinci ta sa tamowa ta dawo, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton mutuwar yara fiye da 600 a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. In aljihu ya matse, mun san wadda ake fara cirewa daga makaranta. A 'yan shekarun nan iyaye sun zo mana da maganar ɗaura auren 'yan matan da ba su gama ƙaramar sakandare ba, dalilin da suke bayarwa kuwa shi ne wanda muka ji a bakin dattawa shekara arba'in da suka wuce. Mun roƙe su su dakata, waɗansu sun ji, waɗansu sun kai maganar wani wuri.

Daura ta yau ba ta rasa makarantu ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga Jami'ar Sufuri, ga Makarantar Koyon Aikin Lafiya wadda take horar da ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Mata da yawa a ƙauyukanmu, Kirista da Musulmi, sun gwammace su haihu a ɗaki da namiji ya karɓi haihuwarsu, domin haka in babu ma'aikaciya mace a asibitin gari, ginin banza ne a gare su. Ma'aikaciyar nan kuwa ba daga Abuja za a aiko ta ba, gama baƙuwa ba ta daɗewa a ƙauye. Daga cikin 'yan matanmu za ta fito. Makarantar kuma ba ta karɓar kowa sai mai takardar gama babbar sakandare, wadda ta ci Turanci da Lissafi da darussan kimiyya. Yarinyar da aka cire a aji uku ba ta da hanyar shiga.